Motar Gas Da Wutar Da Ta Ƙi Mutuwa

Mai karatu, in dai kana zaune a Ikko kuma kana shiga motocin jama'a, na san ka taɓa lura da wata 'yar wuta ruwan ɗorawa da ke kunne a allon gaban direba, wanda muke kira dashbod. Wani ya liƙa mata baƙin salatif, wani ya jingina katin ɗaurin aure a kanta, wani kuwa ya bar ta haka nan har ta zama 'yar gida. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai haka ta zo daga Kwatano." A motar fetur mutum kan yi shekara yana tafiya a haka, Allah ya rufa asiri. A motar gas ta zamani kuwa lamarin ya sha bamban, domin wuta ɗaya in aka ƙyale ta sai ta haifi 'yar uwarta, kafin ka ankara mota ta durƙusa. Abin da ya so ya faru a gidanmu ke nan tsakanin 2023 da 2024, kuma na ga ya dace in rubuta shi saboda 'yan uwa mazauna Kurmi da araha ke ja zuwa ga irin waɗannan motoci.

Mahaifina ɗan kasuwar goro ne a nan Agege. Nan aka haife ni, nan na gama sakandare, kuma tun daga lokacin ni ke riƙe masa littafi, ni ne kuma direbansa. Bayan an cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, tsohuwar motarmu ta fi ƙarfin aljihu. Sai wani abokin cinikinsa ya kawo masa tallar wata Beljiyam ƙirar 2012, mai dogon baya, injin gas. Kuɗinta bai kai na 'yar uwarta mai fetur ba, saboda a nan mutane gudun ƙaramar motar gas suke yi. Gaskiya ne a lokacin litar gas ta fi ta fetur tsada, amma ita ba ta sha da yawa, ga ƙarfin ja ko an cika bayanta da kwandunan goro. Baba ya yi lissafinsa ya biya.

Wata biyu muna cikin jin daɗi. A na uku sai wutoci suka fara sallama. Ta farko mai kama da ƙaramin akwati da ɗige-ɗige a ciki. Ta biyu mai siffar inji, wadda kowa ya sani da cek injin. Ta uku kuwa mai kama da naɗaɗɗiyar waya, wadda a ƙa'ida takan kama na ɗan lokaci in ka murɗa makulli sannan ta mutu, sai ga shi tana ƙyaftawa ana cikin tafiya. Ranar da ta biyu ta kama, mota sai ta yi sanyi, ka taka totur har ƙasa amma ta ƙi wuce gudun Keke Marwa. Wannan shi ne abin da na sa wa suna ɗingishi: kwamfutar motar ce da kanta ke rage wa inji ƙarfi don kada ya yi wa kansa lahani.

Abin da aka saba yi shi muka tarar. A kai mota gareji, a kira mai kwamfuta, ya soka wayarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya danna, wuta ta mutu, a ba shi naira 5,000, kowa ya yi murmushi. Bayan kwana goma ta dawo. Sau huɗu ana haka a wurare uku. A wuri na uku aka ce tobo ne ya mutu, a kawo kuɗin wani, kuma kuɗin da aka ambata ya kusa ribar goron wata guda. Wani kuma ya ce a sauke injin ɗungurungum a ɗora na fetur. Baba ya fara maganar sayar da ita ko da faɗuwa ne.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne Babbar Sallah ta 2024 na ƙaratowa, kuma an riga an yi wa dangi alkawarin za mu zo Kano gaba ɗaya, da Umma da ƙannena uku. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Duk wanda ke bin hanyar nan ya san abin da ake nufi da mota ta tsaya maka a daji da mata da yara, magariba ta kawo kai, a inda ba ka san kowa ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Me mai kwamfuta ke gogewa?

A nan na roƙi Baba ya ba ni wata ɗaya kafin ya yanke hukunci. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a bar ni in san abin da ake gogewan nan tukuna." Ya ce, "To, ɗan boko, ga ka ga ta."

Ga abin da na fahimta. Ramin nan da ke ƙarƙashin sitiyari mai ƙofofi 16 ana kiransa OBD. A Amurka an wajabta shi ga motoci tun 1996, a Turai kuma ya hau kan motocin fetur a 2001, na gas a 2004. Duk lokacin da kwamfutar mota ta ga wani awo ya kauce wa yadda ya kamata, sai ta rubuta wata lamba ta ajiye, sannan ta kunna wuta. Wutar sallama ce kawai, maganar tana cikin lambar. Mai gogewa yana share lambar ne, abin da ya jawo ta kuwa yana nan daram. Kamar ka yage shafin da aka rubuta bashi ne, ka ce an biya.

Na shiga Ikeja na sayo 'yar ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin ta yi magana da wayar hannu. Ba ta kai ta masu sana'a ba, amma tana karanta lambobin inji. Na sami guda huɗu. P2463 na nufin kunkunniya ta taru a matatar hayaƙi. P0299 na nufin iskar da tobo ke turawa ba ta kai yadda ake buƙata ba. P0401 na nufin hayaƙin da ake mayarwa cikin inji ta bawul ɗin EGR ya yi kaɗan. P0571 kuma ta shafi makunnin wutar birki.

A lura da kyau, P0299 ba ta ce tobo ya mutu ba. Cewa ta yi iska ba ta isa ba. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai kuɗi masu yawa. Lamba tana nuna maka unguwa ce, gidan kuwa sai ka bi ƙofa ƙofa.

Littafin bashi

Abin da na iya a duniya shi ne riƙe littafi, don haka shi na yi. Na ware shafuka a bayan littafin shago. Duk ranar da wuta ta kama sai in rubuta kwanan wata, kilomitar da ke kan allo, inda muka je a kwanakin, yawan man da ke tanki, gidan man da muka sha, da abin da ƙafata ke yi a daidai lokacin. Na kuma koma baya na tsinto ranakun da aka biya mai kwamfuta, don duk suna cikin lissafin fitar kuɗi.

Cikin mako uku littafin ya fara magana. Wutar akwati mai ɗige-ɗige tana zuwa ne bayan kwanakin da ba mu fita daga Agege ba: gida zuwa shago, shago zuwa makarantar yara, a tsaya a goslo a Pen Cinema ko Iyana Ipaja, a kashe mota. In muka je Shagamu sarin goro, kafin mu wuce Mowe takan mutu da kanta. Amma tazarar dawowarta raguwa take yi: da farko kwana 12, sannan 8, daga baya 4, har ta kai ko Shagamun ba ya kashe ta. Cek injin da ɗingishi kuwa sun fi zuwa in an yi lodi ana hawan gada, na taka totur da ƙarfi. Ita naɗaɗɗiyar waya ba ruwanta da nisa ko lodi, a goslo take ƙyaftawa, inda ƙafa ba ta sauka daga birki.

Matatar hayaƙi

Sai da na fahimci wannan abu ɗaya sannan sauran suka warware. Daga watan Satumban 2009 Turai ta shiga dokar hayaƙi da ake kira Euro 5, wadda ta rage baƙin ƙurar da aka yarda ƙaramar motar gas ta fitar daga miligiram 25 zuwa 5 a kowace kilomita. Hanyar cika wannan sharaɗi ita ce a sa matata a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Kamfanin Peugeot ya riga ya fara sa ta a motarsa 607 tun shekarar 2000. Saboda haka kusan duk Beljiyam mai gas da aka ƙera daga 2011 zuwa sama tana ɗauke da ita.

Matatar kamar saƙar zuma take, tana kama kunkunniyar hayaƙi. In ta fara cika, kwamfuta sai ta ƙara fesa mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone ta koma 'yar toka. Wannan ƙona kan ɗauki minti 15 zuwa 20, kuma tana son inji ya yi zafi sosai, mota na tafiya miƙe ba tsayawa, gudun kilomita 60 ko fiye. To ina mutumin Agege zai sami minti 20 miƙe da safiyar Litinin? Motar takan fara ƙonar, sai mu iso shago in kashe ta. Ashe fankar nan da nake ji tana ta kuka bayan na zare makulli, da ƙaurin zafi da ke tashi daga ƙasa, alamar an katse ta ne a tsakiyar aiki.

Akwai kuma abubuwan da kan hana ta farawa sam. A motoci da yawa, in wutar ƙarancin mai na kunne ba za ta fara ba. In akwai lambar wata matsala ta inji a ajiye, nan ma ba za ta fara ba. Ka ga yadda wuta ke haifar wuta.

Wannan ya bayyana mini dalilin zuwan wutar, amma bai bayyana raguwar tazara ba. Goslon bai ƙaru ba, hanyarmu ba ta canza ba. Ke nan akwai abin da ke sa injin ya ƙara yawan kunkunniya.

Wurin Oga

Wani direban tirela ɗan garinmu ya kwatanta mini wani dattijon Bayarabe da ke gyaran motocin gas a wajen Abule Egba. Na gaishe shi da Yarbanci yadda ake gaida manya, na miƙa masa littafin kafin in miƙa makulli. Ya gyara tabarau ya karanta shafi uku, sannan ya ce, "Malam, kai ka yi rabin aikin." Bai goge komai ba. Ya fara da batir, ya auna ya ga 12.6 a kashe, 14 da ɗoriya in inji na aiki, ya ce lafiya lau, domin batir mai rauni shi kaɗai kan tayar da wutoci barkatai. Ya duba ko an cire tamostat, abin da wasu makanikanmu ke yi wa duk motar da ta shigo da sunan ƙasarmu da zafi, alhali in babu shi inji ba ya zama a zafin da ake so, ƙonar matata kuma ba ta kankama. Ya same shi a wurinsa.

Daga nan ya sa yaronsa ya taka totur, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana saurare. Can ya kira ni ya ce in sa hannu. A ƙasan babban tiyon da ke kai iska daga tobo zuwa inji akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa, gefenta ya yi damshin baƙin mai. In mota na tsaye tsagar a rufe take, sai an taka da ƙarfi take buɗewa ta yi huci. Kwamfuta ta auna iska tun daga ƙofa ta ba da mai daidai da ita, amma wani kaso na iskar ya zube a hanya. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sai baƙin hayaƙi. Hayaƙin ya toshe bawul ɗin EGR, ya cika matata, lambar da aka ajiye kuma ta hana matatar ƙona kanta. Lambobi uku, uwarsu ɗaya. Tobon da aka ce ya mutu kuwa har yau shi ke cikin motar.

Oga ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya nuna mini ya haura alamar sama, ya ce in shinshina. Warin gas ne. Duk ƙonar da aka katse tana barin gas ya gangara ya haɗu da baƙin mai ya tsinka shi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don da shi za mu kama hanyar Kano. Muka sayo tiyo a Ladipo, aka kwance EGR aka wanke, ya sa babbar kwamfutarsa ta tilasta wa matatar ƙonewa, sannan aka juye mai aka zuba irin wanda ba ya barin toka da yawa, mai alamar C3 a jikin galan, kamar yadda littafin motar ya nema.

Saura naɗaɗɗiyar waya. Kowa ya ce hita ce, wato fulogin da ke ɗumama inji kafin ya tashi. Amma a wasu motocin gas na Turai wannan wuta aiki biyu take yi: in ta kama ta mutu, maganar hita ce, in tana ƙyaftawa ana tafiya, wata matsala ce kwamfuta ta gani. Da dare na sa ƙanwata ta tsaya a bayan mota ina taka birki. Ta ce, "Yaya, wani lokaci tana kamawa, wani lokaci ba ta kamawa." Ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ya gaji. Kuɗinsa bai kai na gogewa biyu ba. Ka duba fa, watanni muna yawo a titin Ikko da wutar birki mai wasa, danfo na bin mu a baya.

Maganar indomi da maganar gas

Na san wani zai ce me ya sa ba a fasa salansar an kwashe abin da makanikai ke kira indomi an huta ba. An ba mu wannan shawara tun ranar farko. In da mun bi ta, da tsagar tiyo na nan, da gas na nan cikin baƙin mai, sai dai mun kashe mai ba mu labari. Ga shi kuma in an cire matatar dole a taɓa kwamfutar motar, in aikin bai yi kyau ba wutar da ɗingishin su dawo tare. Sannan hayaƙin da matatar ke kamawa, mai tallar burodi a goslo da ɗan acaɓan da ke bayanka su za su shaƙe shi, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne.

Gaskiya ne kuma ba don manmu aka ƙera motocin nan ba. Tun 2009 gas ɗin Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin sulfa ba, wato farar wuta, alhali Najeriya ta daɗe tana yarda da har 3,000. Wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a 2016 kan ƙazamin gas da ake turo wa Afirka ta Yamma, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da gas a 2024. Sai dai abin da ya fito daga matata daban, abin da ya shiga tankinka daban. Gas ɗin jarka a bakin titi kan zo da ruwa ko kananzir, kuma nozul ɗin motocin nan masu fesa mai da tsananin matsi ba sa yafe wannan. Mu dai mun tsaya a gidan mai ɗaya mai yawan ciniki, muna kuma canza filtar gas a kan kari.

Ga ɗan uwa mai irin wannan mota

In wuta ja ce, musamman mai siffar butar mai ko ta zafin inji, ka gangara gefe ka kashe nan take, babu ciniki. In ruwan ɗorawa ce kana da lokaci, amma ba na wata da watanni ba. Kada ka yarda a goge lamba sai an karanta maka ka rubuta ta. Ka riƙa rubuta ranar da wuta ta zo da abin da kake yi. Kafin a saya maka babban abu, a fara duba ƙanana: batir, tiyo, waya, filta, makunni. In za ka sayi mota, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata duk wutocin sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi, domin wadda ba ta kama ba sam wataƙila an rufe bakinta ne. In kuma duk rayuwarka tsakanin Agege da Oshodi take, ka haƙura da motar gas mai matata komai arahar ta. Araha ba ta ado.

Mun bar Agege bayan sallar asuba ana saura kwana uku Sallah, muka kwana a Lokoja, washegari da la'asar muna Kano, allo fes ba wuta ko ɗaya. Yanzu ko babu sari, duk mako sai na kai ta Shagamu na dawo, ba na kuma barin mai ya yi ƙasa da kwata. Baba ya ce ashe ita ma bafatakiya ce, zaman gari ne ba ta so. Shafukan bayan littafin shago suna nan, na ja musu sababbin layuka.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.